Ɗingishin Mai Wayarin

Ranar da abokai suka shigo da Mai Wayarin ɗakin gashin ƙashi na asibiti a rirriƙe, wata budurwa ce mai farar riga ta tarbe su, Auta ake ce mata. Tsani ne ya zame da shi yana ɗaura fanka.

"Ɗora idon sawunka kan ɗaya gwiwar, irin zaman manya," in ji ta. Ta kama yatsansa da safar hannu, ta aza a gefen gwiwar ta waje. "Akwai jijiya a nan, daga ƙashin cinya ta taso, ta kama kan siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri. Ita ke hana gwiwa buɗewa ta waje. A lafiyayyar ƙafarka tauri gare ta kamar igiyar shanya. Wannan kuwa ta ɗan yage, ka ji ta saki?"

Ya ce ya ji. Wallahi ba abin da ya ji sai muryarta.

Aka ɗaura masa takalmin gwiwa, aka yi ta gashi da motsa jiki har aka sallame shi garau. A ranar ya karɓi lambarta, kafin wata ya zagayo ya san ƙofar gidansu.

"Autata, kin gyara gwiwa kin ɓata zuciya. Wa zan kai wa ƙara?"

"Sarkin Tsani, zuciya ba sashena ba ne. Amma kawo ta, zan duba."

To, sai ga wani likita a asibitin, ɗan abokin babanta, mai mota da ƙamshi. Mai Wayarin bai taɓa kiransa likita ba, Mai Turare yake ce masa. Da ya ga ya sauke Auta a ƙofar gida tana dariya, abinci ya ƙi wuce masa. Kishi yake ji, mai zafi, irin mai hana mutum gane ja da baƙar waya. Wato shi yana can saman silin yana shan ƙura, wani na shawagi a ɗakin gashi? Ina!

Sai ya zaro takalmin gwiwa daga ƙarƙashin gado, ya ɗaura, ya koma asibiti yana jan ƙafa. Ya samu benci mai kallon ƙofa, duk shigowar Mai Turare a idonsa. Don kar asiri ya tonu kuma, ko zance ya je sai ya ɗingisa tun daga bakin layi. Bai lura babanta na kan kujera a ƙofar gida yana kallo ba.

Wata safiya saƙon Auta ya shigo:

"Baba ya ce ba zai ba da ni ga mai aikin tsani da ba shi da ƙafar hawa ba. Ya ce da me za ka riƙe ni? Ya ce likita ya turo magabatansa. Ka zo yanzu."

Ya zo asibitin, har da ɗingishin, don ya riga ya zame masa jiki. Ta sa safar hannu ba ko gaisuwa, ta danna gwiwar.

"Wayyo Allah!"

"Nan ne?"

"Nan ne, Autata, kamar ana soka min ƙusa."

Ta cire safar ta jefa a kwando. "Nan ciki ne na danna. Ta waje ce ta yage maka, kuma ta warke tas, tun ranar da ka dawo na ji ta tsaye da ƙarfinta. Na yi shiru ne don ina son ganinka a bencin nan. Ga inda ya kai mu." Hawaye ya cika mata ido. "Mutumin da kake gadi, ko launin motarsa ban riƙe ba."

Da la'asar ya isa gidan, takalmin gwiwa a hannu, yana takawa garau ba ɗingishi. Ya tsugunna gaban tsohon har ƙasa, ya faɗi komai.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "A da gurgu na sani, yanzu kuma maƙaryaci. Wanne zan ba 'yata?"

"Baba, mai kishi ne kawai. Na tuba."

Tsohon bai ce tashi ba. Ya kunna rediyo, ya saurari labarai tun daga kanu har hasashen yanayi, yana satar kallon gwiwar. Gumi ya jiƙe rigar Mai Wayarin, cinyoyi na rawa, bai ko dafa ƙasa ba.

"Tashi ba tare da ka dafa ba."

Ya miƙe tsaf. Daga bayan labule aka ji Auta ta saki ajiyar zuciya.

Ranar ɗaurin aure Mai Turare ya zo, ya ba ango hannu da fara'a, ango ya karɓa yana cije haƙori. Baba ya gani. Ya jawo angon gefe, ya dafa kafaɗarsa.

"Gobe ma za ta je aiki, ɗana, kuma maza ba za su ƙare a asibiti ba. Ita ta zaɓe ka tana ganinsu kullum. Ka bar mata gadin kanta, kai ka je ka hau tsaninka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Ango ya ce amin.