Bututun Maƙerar Baba

Ana gab da kiran magariba Ilu ya turo mashin ɗinsa cikin soron gidansa a Dukawuya. Matarsa Kulu tana kwashe tuwo a tsakar gida, 'yarsu Husaina, mai shekara goma sha biyar, tana tattara shanya. Shi kuwa bai shigo ba. Ya tsuguna bayan mashin ɗin yana shafa sabuwar salansar da ya haɗa ranar, ba ta ma gama hucewa ba.

Ilu da ƙanensa Isyaku 'ya'yan maƙeri ne, amma duk sun koma walda, sun fi ƙarfi a gyaran salansa. Ilu ne ya riga shiga sana'ar, sai dai sunan Isyaku ne ya fita. Salansar Isyaku gurnani take mai kauri, ba ta tsaga kunne, mashin kuma ya ja ba tare da ya sha mai ba. Ilu ya huda ragar ciki, ya faɗaɗa baki, ya rage tsayi, duk a banza. In ƙarar ta yi daɗi sai mashin ya rasa ƙarfi, in ya ja sai ta zama kamar ana dukan gwangwani. Abin da ya fi ci masa rai shi ne samari su tsaya a rumfarsa su ce, "Malam, don Allah ina ne wajen Isyaku mai salansa?"

Da mahaifinsu zai rasu, sai ya bai wa Isyaku wani tsohon bututun ƙarfe na zuga-zuginsa, ya ce a rataye, kada a taɓa. Shekara bakwai Ilu yana kallon bututun nan a rumfar ƙanensa, har ya gama yarda cewa a nan sirrin yake. Ranar Juma'a, da Isyaku ya tafi masallaci, ya ɗauke shi. Ya yanka shi biyu, ya yi masa walda a cikin tasa salansar. Da ya buga kik, sai da mutanen layin suka waiwayo.

A magaribar nan, ladan na cewa Allahu Akbar, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Kulu ta ɗaga kai. Na biyu ya sauka cikin tukunyar miya. Ta sa ludayi ta tsamo shi, ashe gawayi ne, jajur da wuta.

Kwana huɗu haka. Da rana lafiya lau, amma da inuwar katanga ta rufe tsakar gida sai jifa ta fara. Daga soro kuma a riƙa jin huci a hankali, fuu, fuu, kamar ana zuga wuta, alhali mashin a kashe yake, mukulli na aljihun Ilu. Kaji suka daina shiga akurki. Maƙwabta suka daina aiko yara.

"Malam, me ka shigo mana da shi?" in ji Kulu.

"Ba komai," ya ce, bai dube ta ba.

A rana ta biyar, bayan la'asar, aka nemi Husaina aka rasa. A soro aka same ta durƙushe, ta rungume salansar, kumatunta manne da ƙarfen. Da uwar ta ja ta, sai ta juyo da ido ja, ta yi wani gurnani daga ƙirji, irin na mashin ɗin sak. Maza uku suka kasa ɓamɓare hannunta.

Kulu da kanta ta yafa mayafi ta tafi Shahuci, ta zo da Malam Babagana, dattijo ɗan asalin Borno wanda ya yi suna a ruƙiyya. Isyaku ma ya ji labari, ya rufe rumfa ya taho. Malam ya shimfiɗa buzunsa a soron, ya fara karatu ba gaggawa. Rana tana yin ja yarinyar ta ƙwalla ƙara.

"Ya isa, Malam! Ka ƙone ni."

Muryar tsoho ce, a shaƙe, kamar ta wanda ya sha hayaƙi.

"Wane ne kai? Me ya haɗa ka da yarinya?"

"Ni abokin zaman ubansu ne. Shekara arba'in ina cikin bututun nan, yana zuga wuta ina jin ɗumi, ban cuci kowa ba. Wannan ya sato ni, ya raba mini ɗaki biyu, yana hura mini hayaƙin fetur."

Isyaku ya juya ya dubi wansa. Ilu ya sunkuyar da kai, amma bakinsa ya riga shi, ya ce wa muryar:

"Ai kai kake taimakonsa! Kai kake ba salansarsa murya!"

Yarinyar ta yi dariya mai tsawo. "Ni? Me na sani a kan mashin? Kunnensa ne kawai ya fi naka. To tunda kunne ne ciwonka, ba ni naka guda ɗaya in sake ta."

Ilu ya dubi 'yarsa, yatsunta sun yi fari saboda riƙo.

"Na yarda," ya ce.

"Ba ka isa ba," Malam ya katse shi. "Kunnen ba naka ba ne, na Allah ne." Ya juya wajen yarinyar. "Kai kuma, an zalunce ka, gaskiya ne, amma yarinya ba ta yi maka komai ba. Za a haɗa maka ɗakinka, a kai ka inda ba mai damunka. Ko ka karɓa, ko in ci gaba."

Can muryar ta ce, "To ƙaramin ne zai haɗa. Kada wannan ya sake sa hannu."

Ko a wannan halin sai da maganar ta soki Ilu.

Isyaku ya je ya ɗauko kayan aikinsa. A nan gaban kowa ya farke salansar, ya zaro guntayen biyu, ya haɗe su da walda, ko layin haɗin da ƙyar ake gani. Malam ya naɗe bututun a farin ƙyalle. Husaina ta yi atishawa sau uku, ta saki ƙarfen, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji." Washegari Malam da Isyaku suka kai bututun bayan gari suka binne.

Isyaku bai taɓa tayar da zancen ba, kuma hakan ya fi wa Ilu zafi da zagi. Husaina ta warke, sai dai har yau in aka tayar da mashin kusa da ita jikinta rawa yake. Shi ya sa kullum da safe Ilu kan tura nasa da hannu, ya wuce gida shida, sai ya kai bakin titi yake buga kik. Tsohuwar salansar kamfani ya mayar, wadda ba ta da wata murya.