Bututu Biyu a Rufin Gidan Dakta Muhsin

Walda ce sana'ata, ita ta kawo ni Doha, kuma ba na ɓoye cewa ina ji da hannuna na dama. Da shi nake ci.

Wata Alhamis cikin sanyin Janairu, Yaya Dikko, direban Dakta Muhsin, ya ɗauke ni zuwa tsohon gidan da Daktan ya kama a unguwar Fereej Abdel Aziz. Hajiya, mahaifiyar Daktan, ta zo daga gida, sanyi ya hana ta sakat, shi ne ya sayo mata murhun ƙarfe na itace, irin wanda Larabawa ke sawa a tantunansu na sahara. Aikina in haɗa shi da bututun hayaƙin da aka tarar a gidan.

A bangon falo rami ɗaya ne. A kan rufi kuwa bututu biyu na gani, dab da juna, duk sun yi tsatsa. Dole in gane wanne ne na falon kafin in share shi. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗaura notin ƙarfe a igiya, a zura ta sama, wanda ke ƙasa ya kama.

"Ɗanbaba, magariba ta kawo jiki," in ji Yaya Dikko. "Ka bari sai gobe. Ba a taɓa tsohon rami a wannan lokaci."

"Haba Yaya, minti biyar ne fa. Yalla, maza ka tsaya a bakin ramin. In ka ga notin, ka ja sau uku."

Ni dama kunnen ƙashi gare ni tun ina yaro. Na haye.

Bututun farko cike yake da kashin tattabaru, notin ko kamu biyu bai yi ba ya tsaya. Na koma na biyun. Da na dafa shi sai na ji ɗumi, alhali iskar da ke kaɗawa daga teku har ƙashi take shiga. Bakinsa fes, ko yanar gizo babu. Na sunkuya na shinshina. Ba warin toka ba ne. Irin warin ɗakin da mutane da yawa suka kwana ne, ba a buɗe taga ba.

Duk da haka, girman kai ya hana ni sauka. Na zura.

Gidan ba bene ba ne. Mita huɗu ya isa notin ya kai ƙasa. Igiyata mita ashirin ce, kuma tafiya kawai take yi. Goma. Sha biyar. Da na ga ta kusa ƙarewa, sai na naɗe ƙarshenta a wuyan hannuna na dama, yadda muke yi a bakin rijiya a ƙauyenmu don kada guga ya suɓuce. Ko tunani ban yi ba, hannun ne ya yi da kansa.

Ladan ya fara kiran salla.

Aka ja igiyar. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Khalas, shi ke nan, Yaya! Mun samu!"

"Me ka samu?"

Daga tsakar gida muryar ta fito. Na leƙa. Ga Yaya Dikko tsugune da buta, ya naɗe hannun riga.

"Wa ke falo, Yaya?"

"Ba kowa. Na kulle."

Igiyar ta miƙe.

Kafin in warware, hannuna ya shige bututun har kafaɗa. Kuncina ya manne da ƙarfen.

A ciki, wani abu ya riƙe yatsuna. Ba da ƙarfi ba. Yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa a kan kowane tabon ƙuna.

Sai numfashi ya hauro, mai ɗumi, ya shiga kunnena.

"Akwai yara a nan."

Hausa ce tsaf, a hankali.

"Wannan hannun ne zai kunna mana wuta?"

"A'a," na ce. "Wallahi ba zai kunna ba."



Can ƙasa na ji kukan jariri, da muryar mai rarrashi.

Yaya Dikko ne ya cafke ƙuguna ta baya, yana Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Aka sake ni. Muka zube tare. Igiyar ta sulale ciki, ba mu ji saukarta ba.

Da muka ba Dakta labari, bai yi gardama ba. Hita mai lantarki ya sayo wa Hajiya, kafin wata ya ƙare kuma suka koma unguwar Al Thumama.

Hannuna bai yi ko ƙwarzane ba. Ina cin tuwo da shi, ina musafaha. Amma ranar Asabar da na koma wurin aiki, na ɗauki kan walda na ɗora a ƙarfe, ko tartsatsi bai yi ba. Abokin aikina ya karɓa, nan take ta kama. Na gwada ashana, kwali guda na ƙarar. Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu gadi nake yi a wani kanti kusa da Corniche, titin bakin teku. In ina son shayi, sai in jira wani ya zo ya kunna mini risho.