Miyar Mama a Tsohon Kicin

Magariba ta kawo jiki albasa ta ƙare mana. Yaya tana gaban murhu, baƙi biyar suna jiran abinci a falo, sai na ɗauki kwando na nufi bayan gida.

Masaukinmu ɗaki tara ne a bakin babban titi. Mama ce ta riƙe shi shekara ashirin da biyu, kuma ba laushin katifunmu ke tsayar da direbobi ba, miyarta ce. Wata huɗu ke nan da rasuwarta. Muka ci gaba mu biyu, ni da Yaya. Wani tsohon direba yakan suɗe kwano ya ce, "'Ya'yan nan, tukunya kuka gada, hannun ya tafi da mai shi." Mu yi dariya tare, in na shiga ɗaki in sha kukana.

Buhun albasa yana rumfar da ke jikin tsohon kicin ɗin Mama, wanda muka daina girki a ciki. Na durƙusa ina zaɓa. Kaji sun shige akurki. Ƙarar motocin titi ta yi nisa, kamar an toshe min kunne.

Sai ƙamshi ya doke ni.

Albasar da aka soya har ta yi ja. Citta. Kifi busasshe. Da ɗan ƙaurin gindin tukunya, wanda Mama kaɗai ta san inda ake tsayar da shi. Yawuna ya tsinke.

Daga ciki na ji ludayi yana gugar tukunya. Juyi uku, a buga a baki sau biyu. Haka take yi.

Ƙofar a buɗe take kaɗan. Na tura.

Mace ce zaune a kujerar tsuguno, ta ba ni baya. Zanen Mama mai ruwan ƙasa. Ɗaurin kanta. Har ƙusumbin da shekaru suka yi mata.

"Auta," ta ce a hankali. "Kin rame."

Kwandon ya suɓuce min. Albasa ta gangara har gindin kujerarta.

"Mama?"

"Zo ki ɗanɗana min gishiri."

Na san mun yi mata wanka da hannunmu. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Amma wata huɗu babu wanda ya kira ni da wannan muryar. Ƙafafuna suka tafi da kansu.

Tukunyar tana tafasa, tana tururi. Na kalli ƙarƙashinta.

Babu wuta. Toka ce, da yanar gizo-gizo a jikin duwatsun murhun.

Ta miƙo ludayin ta bayan kafaɗarta, ba ta waiwayo ba. Da hannun dama. Hannun da ya shanye wa Mama shekara uku kafin ta rasu.

Hannun ya ci gaba da tahowa. Ita ba ta motsa daga kujerar ba.

Ludayin ya taɓa leɓena. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Sha mana," ta ce. Wannan karon muryar biyu ce, ta Mama a sama, wata mai kauri a ƙarƙashinta.

Na nemi addu'a, harshena ya ƙi. Wuyanta ya fara juyowa, kafaɗun suna nan yadda suke.

Aka fizgo ni ta baya. Na faɗi a rumfa, Yaya ta banko ƙofar ta jingina bayanta da ita, tana karanta Ayatul Kursiyyu. A ciki ludayi ya bugi tukunya sau biyu. Shiru.

"Kin haɗiya?" ta tambaye ni da raɗa.

Na girgiza kai. Ta goge min baki da gefen mayafinta har sai da ya yi zafi, sannan ta ja ni muka koma. Ranar babu albasa baƙi suka ci miya.

Kwana uku na yi ina zazzaɓi. Inda ludayin ya taɓa ya yi fari, har yau bai koma ba. Muka kira magini ya toshe ƙofar da bulo.

Ranar da ya gama, muna cin shinkafa a kwano ɗaya, na lura Yaya juya loma kawai take yi. Na ce, "Yaya, ta yaya kika san ina can?"

Ta ajiye lomar da ke hannunta.

"Ni ta fara kira, sati biyu da rasuwar. Ludayi uku na sha." Ta ture kwanon gabana. "Tun ranar komai na ci kamar ƙasa nake taunawa. Kuma kullum rana ta faɗi sai in ji yunwar miyar nan har cikin ƙashina. Auta, in kin ga na nufi baya, ki riƙe ni. Ko na zage ki, kar ki saki."

Shi ya sa duk baƙon da ya sauka wurinmu da magariba sai ya ɗan jira. Zai tarar da mu a bencin ƙofar gida, Yaya tana kallon titi, ni kuma na naɗe bakin zanenta a hannuna.