Kangon da Shaista Ta Danne

Ranar Talata da almuru, a wani gida bayan unguwar majema a birnin Multan na Pakistan, Shaista tana ɗora fayilolin shafin intanet na wani mai takalma. Manhajar ɗora fayil a buɗe take: hagu kayan kwamfutarta, dama uwar garken da ake haya, ma'ajiyar shafuka a intanet. A daman ta tarar da tsohuwar folda, ragowar shafin wata mahauta da ta daɗe da rufewa. Manhajar ta tambaya ko a danne abin da ke ciki da sababbin fayilolin. Ana kiran salla, tana sauri. Ba ta sauke kwafi ba, ba ta yi bisimilla ba. Ta danna "duka".

Mahaifinta Tufail, tsohon malamin makaranta da ake kira Master-ji, yana alwala ya ji wani wari. Ya zargi majema. Sai wani abu ya faɗo tsakar gida, tim. Tumbin akuya ne, ya yi kore, tsutsa na yawo a ciki.

Kwana uku haka, kullum da faɗuwar rana. Madarar shayi ta riƙa tsinkewa. Shaista ta daina wanka, ta koma ƙarƙashin tebur tana lasar ƙurar bayan kwamfuta, ƙuda na sauka a leɓenta ba ta kora. Tufail yakan kai mata abinci yana danne amai, sannan ya ji kunyar kansa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ɗauko Hafiz Inayat. Malamin ya toshe hanci da mayafinsa, ya zauna, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye ɗakin.

Bakin Shaista ya buɗe, muryar wani tsohon aljani ta fito.

"Ya isa, Hafiz, kana ƙona ni. Shekara tara ina kangon foldar nan da iyalina. Ta juye mana fayil dubu huɗu a ka, ko sallama babu."

"Za ta mayar maka da gidanka."

"Da me? Ƙazamar ba ta ajiye kwafi ba. A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ko jinin sauro ba za ka samu ba."

Yawu na dalala a haɓarta.

"To a ba ni wani kangon, inda ɗan Adam ba ya takawa." Idonta ya juyo kan Tufail. "Shafin waƙoƙin tsohon nan ya yi mini."

"Mutum dubu ke karanta shi!" in ji Tufail. "Ita ta buɗe mini, ita ta faɗa mini."

"Tausayinka ta ji, Master-ji. Shekara uku babu mai shiga sai kai. Mu ma mun leƙa mun fito."

Hafiz ya sunkuyar da kai.

Tufail ya dubi 'yarsa. Ya jawo kujera, muryar na nuna masa inda zai taɓa. Ya goge waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Ya yi bisimilla, ya ja folda wadda babu komai ciki daga hagu zuwa dama. Koren layin ɗorawa ya fara tafiya.

Da ya cika, Shaista ta kelaya baƙin amai a kan ƙafafunsa. Ta ɗago, ta yamutsa fuska.

"Abbu, warin mene ne wannan?"

Ya tashi ya je ɗebo mata ruwa.