Surukin da Ba Ya Shiga Coci

Phoebe na tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, sai mahaifinta, Baba Pindar, ya dawo daga taron dattawan coci. Ya jingine sandarsa, ya zauna a benci da nishin wanda ya gama yanke hukunci tun a hanya.

"Wannan yaron naki, Thomas, ban yarda ba."

Rariya ta kusa suɓuce mata. "Haba Baba! Me ya yi?"

"Tun da muka dawo unguwar Wulari ban taɓa ganin ƙeyarsa a cikin coci ba. Wa'azi bai ji ba, jibin Ubangiji bai ci ba. In ba da 'yata ga mutumin da ya san aljihun kowa, amma bai san Fasto ya yi furfura ba?"

Gaskiya ce, kuma Phoebe ta sani. Tun da aka fara kai hare-hare a gari, coci ta sa matasa su riƙa binciken masu shiga da 'yar sandar nan mai ƙara idan ta ji ƙarfe. Da karɓa-karɓa ake yi, sai Thomas ya mayar da aikin nasa shi kaɗai. Rana ta dake shi a ƙofa tun daga waƙar farko har a tashi.

"Kowace Lahadi," in ji Baba Pindar, "sai ya goga mini abin nan a cinya, ta yi tsuwwa, ya ce, 'Baba, mene ne wannan?' Ƙarfen da likita ya sa mini tun ba a haife shi ba! Ko yana zaton cikin mako na cire shi na sa bam?"

Daga madafa Mama ta fashe da dariya, ta mayar da ita tari.

"Ga sharaɗina. Jibi Lahadi ya zauna kusa da ni a bencin gaba, ya ba ƙofa baya, har Fasto ya sa albarka. In ya tashi, ya nemi wata."

Washegari Phoebe ta hau keke zuwa unguwar Mafoni, inda Thomas ke gyaran janareto. Ta same shi ya rame, idanunsa jajir, yana magana da ita yana kallon wata leda da iska ke wasa da ita a bakin titi. Ta gaya masa sharaɗin Baba.

"Bencin gaba? Fibi, kina siriyos kuwa? To wa zai tsaya a ƙofa?"

"Musa. Ai shi ma mai tsaro ne."

"Musa! Wanda in aka yi masa murmushi yake cewa a wuce?"

"Yaushe rabonka da barci, Tom?"

Ya juya sufana a hannu. Tun ranar da bam ya tashi kusa da shagonsa, ya ce, da ya rufe ido sai ya ga ƙofar coci a buɗe, ba kowa a wurin, ita kuma tana ciki tana waƙa.

Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen gyale. "Na gode da kake tsare ni. Amma ka tsare ni har kana neman rasa ni. Kana gadin gidan Allah, kai kuma ba ka gaisa da Maigidan ba. Ka zaɓa."

Ranar Lahadi, daga inda mawaƙa ke zama, Phoebe tana ganin komai. Thomas ya miƙa wa Musa sandar kamar mai ba da jaririnsa riƙo, ya koma ya nuna masa wurin kunnawa, ya sake komawa ya duba batir. Daga baya ya shigo cikin kwat ɗin aro, ya zauna a gefen Baba Pindar, a sandare.

Da aka fara waƙa wuyansa ya fara juyawa. Baba Pindar, ba tare da ya kalle shi ba, ya sa hannu ya daidaita masa kai kamar mai gyara madubin mota. Wata jaririya ta yar da cokali, Thomas ya zabura rabin tsayuwa. Sandar dattijon ta sauka a kan takalminsa, ya koma. Phoebe ta rasa baiti, ta shiga na gaba ita kaɗai.

Sai Fasto ya hau bagade. Tsoho ne mai sanyin murya, wanda ba ya gaggawa ko gari na ci da wuta. Ya ce damuwa kaya ce da mutum ke ɗauka alhali Mai kayan yana tsaye a gefensa ya miƙo hannu. Ya ce a yi tsaro, amma kada wani ya ɗauka numfashin jama'a a aljihunsa yake. Fanka na juyawa a hankali. Phoebe ta ga kafaɗun Thomas suna saukowa, kansa ya yi gaba, ya dawo, ya karkata, ya sauka lif a kafaɗar Baba Pindar.

Sannan minshari ya fara. Ba ƙarami ba, irin na janareton da ya sha gyara. Matan zumunta suka toshe baki da gyale. Fasto ya dakata, ya leƙo ta saman tabarau, ya ci gaba da ƙaramar murya. Phoebe ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shi ke nan, aure ya mutu a gaban jama'a!

Har aka sa albarka Baba Pindar bai motsa ba.

A gida, Thomas ya durƙusa a tsakar gida, kunya ta hana shi ɗaga ido. "Baba, a gafarce ni. Ban san lokacin da..."

"Ka tashi daga bencin?"

"A'a, Baba."

"To me kake ba ni haƙuri a kai?" Dattijon ya murza kafaɗarsa da ta sage. "Ni ma na yi irin wannan rashin barcin, na san kamanninsa. Mutumin da ya ba ƙofa baya a garin nan har ya yi minshari, ya bar wa Allah gadin ke nan. Fasto ya yi wa'azin, kai ka aikata shi. Ka turo manyanka."

Mama ta rangaɗa guɗa. Phoebe ta shige ɗaki da gudu, tana kuka tana dariya.

"Amma ka ji," Baba Pindar ya ƙara, "mako ɗaya a wata kana ƙofa, sauran kana ciki, ido biyu. Allah da farko, sannan iyali, sannan aiki. Wanda ya juya su, shi da hutu sai a kafaɗar surukinsa, ni kuwa tawa ta gaji."

Haka aka yi. An ɗaura auren da hantsi, aka watse da wuri saboda dokar hana fita, ango kuma ya ji kowace kalma ta alkawarin da ya ɗauka. Mai bi yana yin iyakar ƙoƙarinsa, ya haƙura, ya miƙa wa Ubangiji abin da ya fi ƙarfinsa, domin Ubangiji bai ɗora wa kowa ɗaukar duniya a ka ba.