Rawanin Rhissa a Bakin Gulbi

"Wallahi Rhissa, in ba ka tashi daga wurin nan ba, ni da kai mun gama!"

A bakin Gulbin Maradi na faɗa mishi haka, raina na tafasa. Tun daga Dakoro muka taho, ni da Baba da shi, don yayana Sa'adu da ke zaune a Maradi ya rantse ba za a sa mana rana ba sai ya ga wanda zan aura. To ya gan shi, kuma tun da muka iso yake yi mai ba'a.

Gulbi ya cika da ruwan damina. Samari sai iyo suke, mata na yawo bisa yashi suna ɗaukar hoto. Shi ko Rhissa, ɗan garin Azagor, ya samu gindin mangwaro ya zauna, ya ja rawani har bisa hanci!

"Sanyin idona, Baba na kallo," ya ce a hankali. "Mu a al'adarmu ba mu buɗe baki gaban suruki. Kuma ban iya ruwa ba."

"Ko ƙafa ka tsoma mana! Kana ji ana ce ma matsoraci!"

Sa'adu ya ɗaga murya daga cikin ruwa. "Baba, wanga za ka ba Sa'adiyya? Namijin da ke rufe fuska kamar amarya?"

Baba ya ɗaure fuska, ya kau da kai. Na san ɗaure fuskar nan tasa, aurena ne ke tangal-tangal.

"Ka ji ko? Ka ba ni kunya, Rhissa... Kaico, da na sani!"

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. Haushi ya sa na juya mai baya.

Sai ihu! Garin burga Sa'adu ya kutsa tsakiya, ruwa ya fizge shi. Kansa ya nutse, ya ɓullo, ya sake nutsewa. Abokan iyon nasa kowa sai salati, ba wanda ya matsa.

"Wayyo Allah, Yaya!"

Wani ya gifta ni da gudu. Rhissa ne, yana warware rawani. Ya ƙulla sandar da ke hannunsa a bakin rawanin, ya shiga ruwa har ƙirji, mutumin da bai iya iyo ba! Ya jefa ma Sa'adu sandar, jifa na farko ya kuskure. A na biyu Sa'adu ya cafke. Rhissa ya kafe ƙafa ya dinga ja kamar mai jan guga a rijiyar Azagor, har suka zube kan yashi.

Sa'adu na aman ruwa. Shi kuwa Rhissa ya durƙusa, kai ba komai, ya toshe baki da tafin hannu don kunya. Ga Baba tsaye a kansa.

Baba ya juya baya. Ya zare mayafin kafaɗarsa ya miƙa ta baya, bai waiwaya ba.

"Ungo, ɗana. Ni ban ga komi ba."

Kuka ya ƙwace mini. Na durƙusa gefensa. "Ka yafe min, masoyina... bakina ne ba ya da linzami."

Bai samu amsawa ba Baba ya daka min tsawa.

"Ke, mi kike jira? Tashi ki matse rawanin mijinki, ki shanya!"