Loma Uku a Gidan Ummu Nidal

Loma ta uku ce ta tsaya wa Lamis a ƙirji.

Ta janye hannunta a hankali daga tiren mansaf, wato shinkafa da naman rago, tana roƙon Allah kada kowa ya lura. Ina! Ummu Nidal ba ta ɗauke ido daga kanta ba tun da aka zauna. Tsohuwar ta yago tsokar kafaɗar rago, wadda ba a ba kowa sai baƙon da ake ji da shi, ta tura gaban yarinyar, ta kamfato zazzafar miyar jamid, ta busasshen nono, ta kwarara har shinkafar ta nutse.

"Ci, 'yata. Tun asuba nake tsaye a kansa."

"Inna... wallahi na ƙoshi."

Nidal, ɗan tsohuwar, ya sunkuyar da kai. Mahaifiyar Lamis ta hau yabon labulen taga. Rula kuwa, 'yar ƙanwar Ummu Nidal, wadda tun tana ƙarama dangi ke tsokanarta da sunan matar Nidal, ta yi wani ɗan murmushi, ta ce ai 'yan boko ba su saba da abincin tsofaffi ba.

Ummu Nidal ta kife ludayin a bakin tukunya, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da hakan ke nufi.

Mu a garinmu na Salt, ka shiga gidan mutum ka zage shi, zai iya yafewa kafin la'asar. Amma ka bar masa abinci a gabanka, wannan sai a kai shekara ana maganarsa. Ita kuwa Ummu Nidal shekara arba'in babu wanda ya tashi daga gabanta bai sassauta ɗamara ba. Ga shi yau ba cin abinci kawai aka zo yi ba. A ƙa'ida ita ya kamata ta je gidan su Lamis ganin yarinyar da ɗanta ke so, sai dai gwiwoyinta sun hana ta sauka daga gidanta shekara biyu ke nan, shi ya sa ta gayyato su. Ganin nan shi zai sa ta tura manya neman aure, ko ta hana.

Abin da ba ta sani ba shi ne, wata huɗu da suka wuce an yi wa Lamis tiyata an rage mata tumbi. Abin da ya saura bai fi ayaba ɗaya girma ba.

Bari in koma da ku baya kaɗan.

Gidan Ummu Nidal yana can ƙolin tudu, matakala ɗari da arba'in daga bakin kasuwa. Shagon kafintancin Nidal yana kan ta ɗari. Makarantar da Lamis ke koyarwa kuma tana sama da shagon kaɗan. A lokacin nauyinta ya haura kilo ɗari da ashirin, ga ciwon suga da ya riga ya ɗauke mahaifinta. Kullum da safe sai ta tsaya daidai ƙofar shagon ta dafa bango tana haki, tana yi kamar wani abu take nema a jaka.

Wata safiya ta tarar da benci sabo fil a wurin, yana ƙamshin katako. Babu wanda ya ce mata komai. Ta yi sati tana wuce shi don kunya. A rana ta takwas ta zauna, sai ta ji muryar Nidal daga cikin shago tana cewa alhamdulillahi, har ya fara tunanin ko tsayin ne bai yi daidai ba.

Daga nan aka fara.

Da likita ya ce aikin nan shi ne mafita, Nidal ne ya fara ƙi. Ya ce shi a haka ya gan ta, a haka ya so ta, wa ya aike ta? Sai da ta ce masa tana so ta ga jikokinta da idonta, ba kamar babanta ba, sannan ya haƙura. Bayan aikin kuwa ya fi ta riƙe dokokin. Sati biyun da ta yi tana shan romo zalla, shi ma romo yake sha a shago, har abokansa suna tambaya ko haƙori aka cire masa. Da aka kai ga abinci mai laushi, ya sassaƙa mata ɗan ƙaramin cokali na itacen zaitun. Shi ke tuna mata ta fara da nama ko ƙwai, ta tauna sau talatin, kada ta sha ruwa sai rabin awa ta wuce, kada ta manta ƙwayoyin bitamin. Ranar da ta kira shi tana kuka gashinta na zuba a mataji, ya ce ta kwantar da hankali, nasa ya riga nata tafiya, kuma nasa ba mai dawowa ba ne.

Kowace yamma tana hawa matakalar nan, yana biye da ita yana ƙirgawa. Talatin, sannan hamsin, sannan tamanin. Ranar da ta wuce bencin ba ta zauna ba, ya yi fushin ƙarya ya ce an ci amanar bencinsa.

Abu ɗaya ta roƙe shi: kada mahaifiyarsa ta ji. Mahaifiyarta ce ta dasa mata tsoron, ta ce surukai ba sa son amaryar da wuƙar likita ta taɓa, a bari sai an ɗaura.

To ga inda ɓoyon ya kai su. A yammacin ranar cin mansaf ɗin, Ummu Nidal ta gaya wa ɗanta ba za ta tura kowa neman yarinyar da ta ƙyamaci hannunta ba. Ya yi rantsuwa ba ƙyama ba ce, ta ce to mece ce?

Nidal ya sami Lamis a benci washegari, ya ce ta sake shi daga alkawarin nan, magana ɗaya ce za ta gyara komai. Ta kusa yarda. Sai ga Rula ta tare ta a ƙofar makaranta ranar Litinin, fuska cike da tausayi. Ta ce ita fa ta san Lamis tun tana da jikinta, ta kuma gane abin da aka yi, amma bakinta a rufe yake. Shawara kawai ta kawo a matsayin 'yar'uwa: Inna ta taɓa korar wata yarinya saboda tabon tiyata kawai, don haka kada a kuskura. In ana son a wanke laifi, in an sake gayyata Juma'a mai zuwa Lamis ta zo ta cinye rabonta tas.

Ƙarya ce, babu wata yarinya da aka kora. Kuma a ranar Rula ta hau tudu ta gaya wa innarta wai an ji Lamis na cewa miyar ta yi ƙarni.

Nidal ya sha wahala kafin mahaifiyarsa ta yarda da gayyata ta biyu. Lamis ba ta gaya masa abin da ta ƙudurta ba.

Juma'a ta zo, aka sauke tire.

Loma ɗaya, biyu, uku. Cikinta ya ce ya isa. Ta ƙara ta huɗu. Mahaifiyarta ta mintsine ta a cinya, ta yi kamar ba ta ji ba. Nidal ya ɗago ya zuba mata ido, fuskarsa ta sauya, ta kau da kai. Ta kora ta shida da ruwa. Ta kai goma. Da aka kawo kunafa, kayan zaƙi mai cuku, tana ɗigar da ruwan sukari, ita ma ta ci, tana murmushi, zufa na tsatsafo mata a goshi.

Fuskar Ummu Nidal ta washe kamar an kunna fitila. Har ta dafa kafaɗarta a bakin ƙofa.

Matakala ashirin Lamis ta sauka lafiya. Daga nan zuciyarta ta fara bugawa kamar za ta fasa ƙirji, gari ya juya mata. Da ƙyar Nidal da mahaifiyarta suka kai ta benci. Nan ta dawo da duk abin da ta ci, tana kakari, hawaye na zuba.

Nidal ya durƙusa gabanta, yana fifita ta da kwali.

"Me ya sa, habibti? Wata huɗu muna lallaɓa cikin nan..."

"Ina so ta so ni."

"Ni kuma ina so ki rayu. Wanne ya fi?"

Sai suka ji ƙarar sanda a kan dutse. Ƙwas... ƙwas... Suka ɗaga kai gaba ɗaya.

Ummu Nidal ce. Matar da ta shekara biyu ba ta taka matakala ba, ga ta ta sauko arba'in, hannu ɗaya da sanda, ɗaya rungume da kwanon mansaf da aka ɗaure da ƙyalle. Murna ce ta sauko da ita. Ta manta ba ta ba su na kaiwa gida ba, ta kuma ƙi aiken kowa.

Ta dubi ƙasa, ta dubi fuskar yarinyar da ta yi fari fat.

"Abincina ne ya yi miki haka?"

Mahaifiyar Lamis ta fara cewa zafin rana ne. Lamis ta riƙe hannunta.

"Inna, abincinki ba shi da laifi. An yanke mini tumbi wata huɗu da suka wuce, saboda suga. Loma uku ce iyakata. Wataƙila nan gaba ta zama shida, amma ba zan taɓa cin rabon baƙo ba har abada." Ta haɗiye kuka. "Na ɓoye miki don an ce ba kya karɓar mai tabo."

"Wa ya ce?"

Lamis ta ƙi faɗin suna. Amma tsohuwa ba yarinya ba ce. Ta ɗaga kai can sama, inda Rula ke leƙe daga baranda, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa wa ɗanta kwanon, ta ce ya kai su gida, ta juya ta fara hawa ba tare da ta ƙara kalma ba.

Kwana shida Lamis ta yi tana shan romo kamar farkon aiki, likita ya yi mata faɗa son ransa. Nidal ya ce mahaifiyarsa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tambayoyi kawai take yi masa tana shiga kicin: me yarinyar ke iya ci, me ke tayar mata da ciki, za ta iya haihuwa? Ya ce likita ya ce a jira shekara ɗaya da rabi. Ta ce hmm. Wannan hmm ɗin ya hana Lamis sukuni. Rula kuwa an ce ta koma gidansu, ba a sake ganinta a baranda ba.

Ranar Alhamis saƙo ya zo: gobe bayan masallaci.

Lamis ta hau ɗari da arba'in ɗin ba ta tsaya ba, amma a bakin ƙofa ji ta yi kamar ta juya. Aka sauke tire kamar kullum, babba, yana tururi. Ta dube shi gabanta na faɗuwa.

Sai Ummu Nidal ta fito da wani abu a tafin hannunta ta ajiye gabanta.

Finjalin gahawa ne, ɗan ƙarami marar mariƙi. A cikinsa an yi mansaf cikakke: ɗan gutsuren gurasa a ƙasa, shinkafa kaɗan, naman da aka dafa har ya narke aka tsittsinke shi, da ƙwayar lauz, mai kama da gyaɗa, guda ɗaya tak a sama.

"Na yi kwana shida ina tunani," in ji tsohuwar, tana zama da ƙyar. "A gidan nan in baƙo ya ce ya ƙoshi, kunnena ba ya ji. Haka uwata ta rene ni, ba zan sauya yanzu ba. Amma ko a gaban wa, in mutum ya kaɗa finjali, mai zuba gahawa ya tsaya. To ga naki. In ya ishe ki, kada ki yi mini magana. Ki kaɗa."

Lamis ta kasa ganin finjalin don hawaye.

"Ban da kuka a kan abincina, gishirinsa ya yi daidai. Kin kusa sa in kashe 'yar mutane da ludayina, sannan ki zo kina mini kuka?"

Nidal ya zaro ɗan cokalin zaitun daga aljihu ya miƙa mata. Ta fara da naman. Ta tauna a hankali, kowa na jira, babu mai gaggauta ta. Loma ɗaya. Biyu. Uku.

Ummu Nidal ta riga ta kamfato miya, hannunta ya taho da kansa kamar yadda ya saba shekara arba'in.

Lamis ta ɗaga finjalin da yatsu uku, ta kaɗa shi a hankali, dama da hagu.

Ludayin ya tsaya a iska. Kowa ya ga yadda tsohuwar ta cije leɓe. Sannan ta juya ta juye shi kaf a gaban ɗanta, ta ƙara na biyu, ta turo masa kafaɗar ragon gaba ɗaya.

"Inna, ni ma na ƙoshi..."

"Kai ba a yanke maka komai ba. Ci."

Ta goge hannu, ta dubi mahaifiyar Lamis ta ce su shirya gahawa ranar Alhamis, kawunan Nidal na nan tafe neman aure. Sannan ta jawo hannun Lamis ta riƙe a cinyarta.

"Ke kuma, 'yata, an ce kullum da yamma kina hawa matakala. Gobe ki biyo ta nan ki ɗauke ni. Arba'in ɗin nan da na sauka ba su kashe ni ba, kuma ina so in zauna a bencin da aka sace mini ɗa a kansa."